An Ɗaure Mai Gadi

Ranar Talata famfon wurin wanki ya fara jan ta. Yaya ta kama kansa da jiƙaƙƙen hannu za ta murɗa, sai ta ji wani abu ya yi mata zirr tun daga yatsu har gwiwar hannu, kamar an saki tururuwa cikin jijiyarta. Ta fizge hannun, bokiti ya kife, ruwan sabulu ya malale a siminti.

Ta tsaya tana kallon famfon. Na ƙarfe ne, shi kaɗai ya rage tun da aka mayar da bututun cikin gida na roba. Bututunsa ya bi jikin bangon ɗakin firiza ya nutse ƙasa, kuma a bayan bangon firiza uku na ta gurnani. Shekara ashirin da biyu ta yi tana auren mai gyaran wuta kafin Allah ya karɓi abinsa. Ba sai an gaya mata abin da ya taɓa ta ba.

Ta tarar da ƙanenta a ƙofar gida yana loda ƙanƙara a bayan mota. Duk layin Mai Ƙanƙara suke ce masa. Ita kaɗai ke ce masa Auta, don a bayanta ya girma.

"Auta, famfon baya yana ja."

"Yana jan me? Ruwa?"

"Wuta. Yanzu ta ja ni."

Ya yi dariya, ya ɗora wani buhun. "Yaya kenan. Sanyin ƙashi ne. Kin wuni hannu cikin ruwa, dole jijiya ta yi miki tsiya. Zan taho miki da man zafi."

"Na san sanyin ƙashi, na san wuta."

"To, Injiniya. Bari in dawo."

Ya ja mota ya bar ta da kumfa a hannu.

Ta koma ciki ta nufi lungun da ke bayan ƙofar falo, inda akwatin wutar gidan yake. Marigayi ne ya haɗa shi da hannunsa lokacin da Auta ya gina gidan. A cikin jerin makunnan akwai ɗaya mai faɗi, da ɗan maɓalli ruwan ɗorawa a gefensa. Shi marigayi ke kira mai gadi. Ya sha gaya mata: in wuta ta ɓalle ta bi jikin ƙarfe ko jikin mutum, mai gadi zai faɗi ya yanke ta kafin ƙiftawar ido. Amma mai gadi ma yakan yi barci, don haka duk farkon wata a danna maɓallin nan. In wutar gida ta ɗauke, a farke yake, sai a ɗaga shi a ci gaba da harka. In ba ta ɗauke ba, gidan ba shi da mai tsaro. Shekara uku kenan da ta dawo gidan Auta da zama, ba ta taɓa tsallake wata ba.

Yau sai ta tarar da kwaɗo a bakin akwatin. Sabo fil, yana ƙyalli.

Nan take lissafin ya haɗu mata. Makon jiya sau huɗu mai gadi yana faɗuwa shi kaɗai, tun da Auta ya sayo tsohuwar firizar nan ta uku. Na ƙarshe da rana ya faɗi ba kowa a gida, ƙanƙara ta narke ta zama tafki, Auta ya dawo yana ta faɗa kamar zai ci babu. Washegari ya zo da wani mai gyara da ake wa laƙabi da Yanzu-yanzu. Ko shayin da aka ba shi bai huce ba ya gama. Tun daga ranar mai gadi bai sake faɗuwa ba.

"Maman Biyu," ta kira matar ƙanen nata, "ina makullin nan?"

Maman Biyu na yankan albasa, ba ta ɗago ba. "Yana wurinsa, Yaya. Ya ce saboda yara."

"Yaran da ko sun hau kujera ba za su kai ba?"

"Ni dai haka ya ce."

Da yamma ya dawo da man zafin kamar yadda ya alkawarta. Ta karɓa ta ajiye.

"Buɗe mini akwatin nan in danna sau ɗaya. Sau ɗaya tak. In ya faɗi, ka kira ni tsohuwa mai ruɗu a gaban kowa, na yarda."

"A kashe mini firiza ana cikin daskarewa? Kin san abin da kashe-kunna ke yi wa inji? Wannan danne-dannen naki ma shi ya lalata abin tun farko."

"Dannawa ba ta lalata shi. Firizarka ce ke yoyon wuta, shi kuma yana gaya maka."

"Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo." Ya miƙe ya ɗauki makullan motarsa, ƙaramin makullin kwaɗon na lilo a cikinsu. "Ki sa silifas, shi kenan. Roba ba ta jan wuta, ko marigayi bai gaya miki wannan ba?"

Ta sa silifas. Wankin gidan nata ne, ba wanda ya taɓa faɗa da baki, amma kowa ya sani: kayan Auta, kayan matarsa da ke fita wurin aiki, kayan makarantar 'yan biyu, da tarin buhunan da ake naɗe ƙanƙara. Mai zaman cin arziki ba ta zaɓen aiki.

Laraba ta naɗe kan famfon da busasshen tsumma. Tsumman ya jiƙe, ya ja ta. Alhamis ta ɗaura leda. Ledar ta huje, ya ja ta har haƙoranta suka haɗu, ta ciji harshe. Ranar Asabar ba sai ta taɓa famfon ba ma: ruwan da ke zuba a bokiti kansa yana tsikarin ta. Hannunta na dama ya fara kwana da nauyi, yatsun kamar na aro. Lahadi da safe kofin shayi ya suɓuce mata ya tarwatse a tsakar falo.

"Kin gani ko?" in ji Auta. "Jijiya ce. Tsufa ba ya sallama."

Abin da ya fi ci mata rai, ranar ce ta ji Maman Biyu na ja wa yaranta kunne a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa: duk wanda ta gani a wurin wanki sai ta zane shi. Yaya ta jira ta fito.

"Ashe kin yarda yana ja."

Maman Biyu ta sunkuyar da kai. "Santsi nake gudar musu."

"Ni kuma ƙafata ba ta san santsi ba?"

"Yaya, don Allah ki yi haƙuri. Kin san halinsa. In na yi magana ya ce mun haɗe masa kai. Ya ce in zafin nan ya wuce, ciniki ya lafa, zai gyara."

"Zafi saura wata uku."

Maman Biyu ta juya ta koma ɗaki.

Litinin ta ɗauki mayafi ta fita neman Yanzu-yanzu. Ta same shi a bakin titi a kan tsani, filaya a baki, yana ɗaura wa wani shago waya.

"Sauko, ɗana, magana zan yi da kai."

Ya sauko yana murmushi. "Mama, in fanka ce, yanzu-yanzu."

"Me ka yi wa akwatin gidanmu?"

Murmushin ya ɗan dusashe. "Gyara."

"Matar mai gyara ce ni. Ka zagaye mai gadi da waya, ko ba haka ba? Wuta na shiga ta sama ta fita ta ƙasa, shi yana zaune a tsakiya kamar hoto."

Ya waiga hagu da dama. "Mama, ni ɗan aike ne. Na gaya wa maigida firizar nan tana da ciwo, a kai ta a duba. Ya ce ba ya da lokacin da zai sauke ta, in ɗaure masa na kwana biyu. Na ɗaure. Guntayen waya biyu ne kawai, ja da baƙa. Ya ce in cire, minti biyar ba zan yi ba."

"Zo ka cire."

"Da wane makulli? Kuma in ban yi ba wani zai yi, Mama. Rabin layin nan haka suke, ba wanda ya mutu."

"Tukuna," ta ce.

Daga nan ta daina taɓa famfon. Ta ɗauki bokiti biyu ta shiga gidan maƙwabciya ta roƙi ruwa. Kwana biyu tana jigila, sawu takwas, sawu tara, ruwa na zuba mata a zane. A kwana na uku Auta ya dawo da wuri ya yi kiciɓis da ita a ƙofa.

Sai da suka shiga ciki ya rufe ƙofa, sannan ya fara.

"So kike ki tona mini asiri? Mutumin da ke sayar da ruwa a daskare, a ce yayarsa na yawon roƙon ruwa a layi? Me kika gaya musu?"

"Gaskiya. Na ga Yanzu-yanzu, Auta. Ya gaya mini."

Fuskarsa ta canza. Ta ga kunya ta leƙo, ta ga ya danne ta.

"To, na ɗaure. Sai me? Firizar nan ita ke ciyar da gidan nan, har da ke. Abin da marigayi ya sa tsohon yayi ne, ko ƙuda ya gifta sai ya faɗi. Ɗan tsikarin da bai kai cizon sauro ba shi za a tsayar da sana'a a kansa?"

"Zo ka taɓa."

"Ba ni da lokacin wasan yara."

"Ka taɓa sau ɗaya, ƙanena. Da hannunka jiƙe."

"Yaya!" Ya daka tsawa har 'yan biyu suka leƙo. Sannan ya sassauta, kuma sassaucin ya fi tsawar zafi. "Ban taɓa yi miki gori ba, kada ki sa in fara. Ɗaki na ba ki, abinci na ba ki. In gidan ya yi miki haɗari, ban ɗaure ƙafar kowa ba. Amma muddin kina nan, kada in sake ganin bokitina a gidan wani."

Ta shiga ɗakinta ta zauna a bakin katifa. Ina za ta? Ba ta haihu ba. Dangin marigayi sun raba abin da ya bari tun kafin ta share hawaye. Tsohuwar jakar kayan aikinsa kaɗai ta tsira da ita. Ta jawo jakar, ta fito da guduma, ta auna nauyinta a hannu. Duka ɗaya kwaɗon zai buɗe. Duka ɗaya kuma za ta kwana a titi. Ta mayar da gudumar.

Ranar Juma'a aka tashi da ruwan sama na ba-zata. Siminti ya jiƙe sharkaf. Auta ya jefo mata fararen kayansa ta taga, ya ce da yamma yake son su, yana da ganawa da masu wani otal da za su riƙa sayen ƙanƙara. Ya fita da makullansa.

Ta samo sanda tana tura kan famfon da ita daga nesa. Ya buɗe. Bokiti ya cika, ya fara ambaliya, ta tura don ta rufe, kan ya ƙi juyawa. Ta matsa kusa. Nan igiyar silifas ɗinta ta tsinke, ƙafar ta zame, ta tafi za ta faɗi, hannu kuwa ba ya shawara: ya cafki abin da ya fi kusa.

Wannan karon bai sake ta ba.

Yatsunta suka damƙe ƙarfen da kansu. Ta so ta yi ihu, muƙamuƙinta ya kulle. Jikinta gaba ɗaya na kaɗawa, ƙafarta tsirara cikin ruwa, idonta na ganin bango yana tsalle. Ƙarar bokitin da ta shure ce ta fito da Maman Biyu.

"Innalillahi! Yaya!"

Maman Biyu ta ruga lungun falo don ta kashe wuta, ta ci karo da kwaɗo. Ta ja shi, ta jijjiga, ta doke shi da tafin hannu har ya fasa mata fata. Kwaɗo mai kyau ne. Ta dawo a guje tana salati, ta rarumi kujerar tsugunno ta katako ta maka wa hannun Yaya, sau ɗaya, sau biyu. A na uku hannun ya saki. Yaya ta zube cikin ruwan, wani ƙauri na tashi daga tafinta, firiza uku kuma na ci gaba da gurnani a bayan bango.

Kwana goma sha biyu ta yi a asibiti. Likita ya ce zuciyarta ta auna arziki, amma yatsu biyu sun ƙone har ƙashi, manuniya da ta tsakiya. Aka yanke su. Tana kwance, maganin barci bai gama sakinta ba, ta ji muryar Auta a bakin labule yana yi wa likita bayani.

"Tsohuwar hitar dafa ruwa ce take ɓoyewa a ɗaki, ta mijinta. Mun hana mun hana. Ka san tsofaffi, likita, in suka kafe."

Ta juya ido ta kalli Maman Biyu da ke zaune da kwanon abinci a cinya. Maman Biyu ta kalli kwanon.

Ranar da aka sallame ta, falo cike yake. Kawu, ƙanen mahaifiyarsu, ya zo da sandarsa. Maƙwabciya na nan, da wasu maza biyu na layin. Auta da kansa ya riƙo ta ya shigo da ita, yana ta sannu Yaya, a hankali Yaya. Da suka wuce ƙofar ɗakin firiza ta saci kallo. Biyu suka rage. Inda ta ukun take sai shatin murabba'i mai tsabta a ƙasa.

"Kawu," in ji Auta, "maganganu na ta yawo a layin nan, wai gidana ba shi da kariya. Ina so kowa ya gani da idonsa. Yaya, zo. Ke ce gwanar dannawa."

Ya kai ta lungun. Ba kwaɗo, ko marikinsa an kwance. Ya buɗe akwatin. Ga mai gadi, ga ɗan maɓalli ruwan ɗorawa. Ta ɗaga hannun dama bisa sabo, ta ga bandeji, ta sauke. Ta danna da na hagu.

Ƙat! Fanka ta tsaya, talabijin ya mutu, gurnanin firiza ya yanke.

"Allahu Akbar," in ji ɗaya daga cikin mazan. "Lafiyarsa lau."

Auta ya ɗaga makunnin, wuta ta dawo. "Kun gani? Tsautsayi ne kawai, ba ya wuce ranarsa. Ni ban riƙe ta da komai ba, ciwo ne ya sa take faɗin abin da take faɗa."

"Allah ya yi maka albarka," in ji Kawu. "Ba kowane ƙane ke riƙe 'yar'uwa haka ba."

Yaya ta juya. Ta wuce ɗakinta ta zauna. Abin da ta yi kwana goma tana roƙo kenan, dannawa ɗaya, ga shi an ba ta a gaban shaidu. Daga falo tana jin ƙarar cokali a kofi da dariyar maza.

Labule ya motsa. Maman Biyu ce, da wani wando ruwan toka a dunƙule a hannu. Ta ajiye shi a kan katifa, idonta ja.

"Wanda ya sa ranar ne. Daga asibiti ya biyo da Yanzu-yanzu suka kwance ɗaurin. Ban wanke ba, ɓoye shi na yi." Ta tura mata shi kusa. "Ke kika koya mini, Yaya, kada a jiƙa kaya sai an duba aljihu."

Ta fita da sauri kamar ana korar ta.

Yaya ta zura hannun hagu. A aljihun farko, tsohuwar takardar mai. A na biyu, guntayen waya biyu masu kauri, ja da baƙa, kowacce bakinta a lanƙwashe da shatin inda aka matse ta. Tsawonsu bai wuce yatsa ba.

Ta daɗe tana kallon su. Sannan ta yafa mayafinta, ta rataya jakar marigayi a kafaɗa, ta fito falo. Ta ajiye wayoyin a kan faranti, tsakanin kofin Kawu da na Auta.

"Ka manta wannan a aljihu, Auta. Da su aka ɗaure mai gadi tun kafin famfon ya fara ja na. A kira Yanzu-yanzu ya ce ƙarya nake. A tambayi matarka me ya fasa mata hannu ranar da ta je kashe wuta."

 Duk ido ya koma kan Maman Biyu a bakin ƙofar kicin. Ta buɗe tafinta, ga tabon yana nan bai gama warkewa ba.

 Gumi ya tsatso wa Auta a goshi duk da fanka.

"Na kwana biyu ne fa," ya ce a hankali. "Wallahi niyyata in cire. Ciniki ne ya..."

Mazan biyu suka fara neman takalmansu. Maƙwabciya ta riƙe haɓa. Kawu ya yi gyaran murya, ya sa bakin sandarsa ya tura farantin gefe, kamar mai kawar da ƙazanta.

"To, ya isa. Abin da ya faru ya faru, yatsa ba zai dawo ba. Ɗan'uwanki ne, ciki ɗaya. Ya gyara, ai kin gani da idonki. Ki yi haƙuri, ki rufa masa asiri, a bar maganar nan a cikin gida."

Yaya ta dube shi, ta dubi yaron da ta goya, ta gyara igiyar jakar da hannun da ya rage mata cikakke.

"A cikin gida aka bar ta, Kawu," ta ce. "Har da kwaɗo."

Maƙwabciya ta miƙe ta karɓi jakar daga kafaɗarta, ta riƙe mata labulen ƙofa. Yaya ta fita ba ta waiga ba.